Ma'aikaci ne ko ɗan kwangila? Lissafin masu riƙe da kwamfutocin gwamnati a bakin iyaka

Cikin shekaru ashirin da suka wuce gwamnatin Najeriya ta kwashe ayyukanta da dama daga takarda ta zuba su cikin kwamfuta. A 2007 aka fara biyan albashin ma'aikatan tarayya ta tsarin IPPIS. A 2015 aka tilasta wa hukumomi zuba kuɗinsu a asusun bai-ɗaya. A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN. A zaɓen 2023 na'urar BVAS ce ta tantance masu jefa ƙuri'a. Duk waɗannan a Abuja ake ƙaddamar da su, da jawabai da tafi, amma kowannensu yana da jela da ke kaiwa har ƙauye, kuma a ƙarshen jelar akwai mutum guda, galibi matashi mai jakar goyo da sukudireba, wanda shi ake kira idan na'ura ta ƙi tashi.

A ƙasar Illo, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, mun san waɗannan matasa da fuska. Su ke ɗaukar hoton yatsun manoma a wurin rajista, su ke shigar da alƙaluman rigakafi daga asibitocin sha-ka-tafi, su ke hawa rufin ofis su gyara sola, su ke neman tudun da sabis ke kamawa don su tura rahoto Birnin Kebbi kafin magariba. Na yi wannan aiki shekaru, yanzu kuma ƙannena a sana'ar kan kawo mini takardunsu in duba musu. Abin da na lura da shi shi ne kusan dukkansu sun ƙware da na'ura, amma ƙalilan ne za su iya amsa tambaya guda: a idon doka, kai ma'aikaci ne ko ɗan kwangila? Daga amsar wannan tambaya ake sanin harajin da ya hau kan mutum, da abin da zai tarar ran tsufa, da ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan an riƙe masa kuɗi.

Suna biyu, doka biyu

Ma'aikaci yana sayar da lokacinsa. Ana biyansa albashi, ana cire masa haraji wata-wata ta tsarin PAYE, wanda ya ɗauke shi ne ke da ɗawainiyar lissafi da miƙa kuɗin. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 mai aiki yana zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci yana zuba kashi 8. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa mai aiki ya riƙa zuba kashi 1 na jimlar albashi ga hukumar NSITF, don idan ma'aikaci ya faɗo daga rufi a sami abin yi masa magani. Yana da hutu, yana da mafi ƙarancin albashi, wanda tarayya ta mayar naira 70,000 a Yulin 2024, Gwamna Nasir Idris kuma ya sa na Kebbi 75,000.

Ɗan kwangila yana sayar da aiki gamamme. Shi ke kawo kayan aikinsa, shi ke tsara lokacinsa, yana iya tura yaronsa ya yi a madadinsa, yana iya yi wa mutum goma aiki a mako ɗaya. Ba shi da fansho ko hutu daga wanda ya ba shi aikin, saboda ana ɗauka ya riga ya zuba duk waɗannan cikin farashinsa. Harajinsa kuma shi ke lissafa shi a ƙarshen shekara.

Kotun Ƙolin Najeriya ta fayyace bambancin a 2008, a shari'ar kamfanin Shena Security da kamfanin Afropak. Ta ce a duba ko albashi ake biya ko kuɗin aiki, a duba wa ya kawo kayan aiki, ko mutum na iya wakilta wani, ko an ƙayyade masa sa'o'in aiki, a ina ake yin aikin, ko an ba shi ofis. Ma'anar hukuncin ita ce sunan da aka rubuta a saman takarda ba shi kaɗai ke yanke magana ba, yadda ake gudanar da aikin yana da nasa nauyi.

To, a ɗora matashinmu na Illo a kan wannan ma'auni. Ana jiransa a ofis da ƙarfe takwas, yana sa hannu a littafin zuwa aiki, kwamfutar da ke gabansa tana ɗauke da tambarin gwamnati, ba ya zuwa jana'iza sai ya nemi izini, ba zai iya tura ƙaninsa ya zauna masa ba domin lambar sirrin shiga manhajar tasa ce shi kaɗai. Adadin da ake ba shi kowane wata ɗaya ne. Ta kowace fuska ma'aikaci ne. Amma takardarsa ta ce mai ba da shawara ne na wata shida, ana sabunta ta shekara uku ko huɗu a jere. An ɗora masa ƙa'idojin ma'aikaci, an bar shi da rashin tabbas na ɗan kwangila. Jemage ke nan, ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi.

Dokar ƙwadago ma ba ta cika rufa masa asiri ba, domin ma'anar da ta ba wa kalmar ma'aikaci ta fitar da masu aikin gudanarwa da na fasaha da na ƙwararru. Mafakarsa ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya faɗaɗa ikonta. Sai dai wanda ake bin sa bashin kuɗin haya ba ya tunanin ɗaukar lauya.

Kashi biyar ɗin nan da ake cirewa

«Yaya, ai ni an riga an cire mini haraji.» Wannan ce jimlar da na fi ji. Gaskiya ne an cire, amma abin da aka cire kafin alƙalami ne. Harajin da ake cirewa daga tushe ajiya ce da mai biya ke riƙewa ya miƙa wa hukumar haraji da sunanka, a rubuta maka ita, ran lissafi a ɗebe ta daga abin da ake bin ka. Bisa ƙa'idojin da suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025, kashi 5 ake cirewa daga kuɗin aikin fasaha da na ba da shawara, kashi 2 daga kuɗin kawo kaya. Wanda ba shi da lambar haraji kuwa, ninki biyu ake cire masa.

Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, ta kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara. Miliyan 2.2 na gaba ana cire kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50.

Mu gwada da misali biyu. Ga mai shigar da alƙaluma da ake ba naira 60,000 a wata. A shekara ya tashi da 720,000, bai kai matakin da haraji ke farawa ba, ke nan ko sisi ba a bin sa. Amma tun da an kira shi mai ba da shawara, ana cire masa 3,000 kowane wata, 36,000 a shekara. Idan ba a rubuta lambar harajinsa ba, 72,000, fiye da kuɗin wata guda. Masinjan da ke zaune kusa da shi a kan mafi ƙarancin albashi ba a taɓa masa komai. A takarda yana da damar neman a mayar masa da kuɗinsa. A zahiri sai ya bar aiki, ya biya kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi, ya gabatar da shaidar cewa an miƙa abin da aka cire, shaidar da galibi ba ta hannunsa.

Ga kuma injiniyan sadarwa da ake ba 300,000 a wata, miliyan 3.6 a shekara. An cire masa 180,000, ya ɗauka ya fita. Idan aka lissafa duka kuɗin a matsayin riba, harajinsa 438,000 ne: 330,000 a mataki na biyu, 108,000 a na uku. Saura 258,000 ke nan a kansa. Amma idan ya ajiye rasit na man janareto da data da kayan gyara da zirga-zirga, a ce sun kai miliyan 1.2, ribarsa ta koma miliyan 2.4, harajinsa 240,000, abin da zai cika 60,000 kawai. Tazarar kusan naira dubu 200 tana cikin ledar rasit. Ƙaramin yana biyan abin da ba a bin sa, babban yana ɗauke da bashin da bai san da shi ba, sai ranar da ya je neman takardar shaidar biyan haraji ta shekaru uku, wadda ba a ba da kwangilar gwamnati sai da ita.

Akwai kuma VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020. Asalinsa haraji ne a kan mai saye, wato gwamnati ce ya kamata ta ɗora shi a kan farashinka. Amma idan takardar yarjejeniya ba ta ambace shi daban ba, akanta kan ɗauka yana cikin jimlar, sai ya zare shi daga ciki: a 300,000 kusan 21,000 ne. Ofisoshi da yawa sun saba ƙara cire kashi 1 na kuɗin kan sarki. Mutum ya yi ciniki a kan adadi guda, alat ya shigo da wani adadin, babu takardar da ta bayyana masa inda ragowar ta tafi.

Ina kuɗin ke zuwa

Harajin ɗaiɗaikun mutane, har da masu rajistar sunan kasuwanci kawai, na jihar da mutum ke zaune ne. Na kamfani mai cikakkiyar rajista na tarayya ne, wato hukumar da aka sani da FIRS, wadda sabuwar doka ta mayar NRS. Saboda haka duk abin da aka cire wa mazaunin Illo hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Kebbi ya kamata ya isa, ko da mai biyan a Legas yake.

Na taɓa yi wa wata hukuma aiki ta hannun wani kamfani da ke wata jiha mai nisa. Wata goma sha huɗu ana cire mini kashi 5, kuma kowane wata ina rubuta musu ina neman shaidar an miƙa. Da na je neman takardar haraji a jiha, jami'in ya duba ya ce, «Malam, babu komai da sunanka a nan.» Na kira kamfanin, suka ce sun biya gaba ɗaya a dunƙule. Wace hukuma, da sunan wa, ba su faɗa ba. Na sake biya daga aljihuna don kada wani aikin ya wuce ni. Asarar ba tawa ce ni kaɗai ba: kuɗin da ya kamata ya shiga asusun Kebbi ya tafi wani wuri, ko bai tafi ko'ina ba.

Wasu kan ce mafita ita ce a buɗe kamfani, tun da ƙananan kamfanoni ba sa biyan harajin riba. A yi hattara. Sabuwar dokar ta cire masu sayar da ayyukan ƙwararru daga rukunin ƙananan kamfanoni, saboda haka sai mutum ya tambayi masani wane rukuni aikinsa ya faɗa kafin ya kashe kuɗin rajista. Kamfani kuma yana zuwa da nasa kaya: rahoton shekara ga hukumar CAC, littattafan lissafi, kuɗin akanta. Ga mai abokin ciniki ɗaya tak, sau da yawa kuɗin jinyar ya fi ciwon.

Jinkiri ma haraji ne

Illo tsohon zangon fatake ne. Ayarin goro da ke tasowa daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja ta nan yankin yake ƙetare kogin Kwara ya shiga Borgu, tun kafin yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta ja layin da ya bar Illo a wannan ɓangare. A wancan zamani madugu ya san abin da zai biya na fito, mai jirgi ya san abin da zai karɓa, kuma ana gama lissafi ne a bakin ruwa. Jikokin masu fiton nan su ne yau ke ƙetarar da bayanan gwamnati, su yi wata biyar suna jiran bauca ta fito daga teburin wani.

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, a sashe na 37, ta ce duk biyan da ya wuce kwana 60 bayan an miƙa takardar neman kuɗi jinkiri ne, kuma akwai ƙarin da yarjejeniya ta tanada a kansa. Amma dokar tarayya ce, kuma tana kare wanda ya sa hannu da hukuma kai tsaye. Matashinmu yana can ƙasan tsani: hukuma ta ba babban kamfani, babban kamfani ya ba ƙarami, ƙarami ya ɗauke shi da saƙon WhatsApp. A 2024 hukumar NIMC ta sanar da cewa ta biya bashin kimanin shekara biyu da kamfanonin da ke yi mata rajista suke bin ta. Labari ne mai daɗi, amma duk wanda ya san sana'ar ya san su waye suka ɗauki nauyin waɗancan shekaru biyu a cikinsu.

Kuma a shekarun nan jira ya yi tsada. A Mayun 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Miliyan ɗaya da aka riƙe wa mutum tsawon wannan shekara ta dawo hannunsa da ƙarfin sayen kusan dubu 742. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya narke, wato ninki biyar na abin da hukumar haraji ta cire, kuma babu rasit ɗinsa. Batir da firinta da na'urar rarraba intanet duk da dala ake shigo da su, farashin da aka yi ciniki a kansa kuwa da naira yake a daskare.

A bakin iyaka abin ya fi fitowa fili. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, saboda haka duk faɗuwar naira muna ganinta a kasuwa a ranar, tun da mu da mutanen Segbana da Malanville ciniki ɗaya muke ci. Da aka rufe iyakoki a Agustan 2019, aka kuma hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwambar shekarar, garuruwa irin Lolo da Tsamiya sun ɗanɗana. Ofishin da ba shi da wuta da janareto yake aiki, kuma sau da yawa ɗan kwangila ne ke sayen man da alkawarin za a mayar masa. Ba abin mamaki ba ne ƙwararrunmu suna karkata ga 'yan kasuwar da ke biya a hannu, ko masu biya da sefa. Gwamnati tana horar da mutum da wahala, sai ya ƙware ya tafi, a kawo sabo ya fara daga bismilla.

Abin da Ingila ta gwada

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. A Birtaniya tun shekarar 2000 akwai ƙa'idar da ake kira IR35, wadda aka yi don masu aiki tamkar ma'aikata amma suna karɓar kuɗi ta kamfanin mutum ɗaya, kuma masu aikin kwamfuta suna cikin waɗanda ta fi shafa. A Afrilun 2017 aka ɗora wa hukumomin gwamnati nauyin tantance matsayin duk wanda suka ɗauka, a 2021 aka faɗaɗa zuwa manyan kamfanoni da matsakaita. Sauyin ya zo da ƙura. Wasu hukumomin, don gudun laifi, sun yi wa kowa kuɗin goro, 'yan kwangila suka koma biyan harajin ma'aikaci ba tare da hutu ko fanshon ma'aikaci ba. A 2022 ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya bayyana cewa ma'aikatun gwamnati da kansu sun jawo bashin haraji na fam miliyan 263 saboda kuskuren tantancewa.

Can damuwar gwamnati ita ce ɗan kwangila yana biyan ƙasa da abin da ya kamata. A nan sau da yawa ƙaramin ɗan kwangila yana biyan fiye da abin da ake bin sa. Duk da haka akwai abu biyu da za mu ɗauka. Na farko, wanda ya ɗauki mutum aiki shi ya kamata ya faɗi matsayinsa a rubuce, kuma shi zai ɗauki asara idan ya faɗi ba daidai ba. Na biyu, idan aka raba haraji da haƙƙi, aka karɓi na ma'aikaci aka hana shi gatan ma'aikaci, rikici ake ajiyewa.

Abin yi

Ba ina cewa a mayar da kowa ma'aikacin dindindin ba. Ƙaramar hukumar da ke fama da albashin malaman firamare ba za ta ɗauki injiniya don aikin kwana uku a wata ba, aikin da mai ba da tallafi ya biya na shekara biyu kuma dole ya ƙare. Akwai ma ƙwararrun da suka fi son 'yancinsu, kuma suna samun abin da matakin albashin gwamnati ba zai ba su ba. Kwangila halal ce. Abin da ba daidai ba shi ne a yi amfani da sunanta a ɗauki ma'aikaci da araha.

Gyaran da nake gani ba ya bukatar sabuwar doka. Duk ofishin da ya cire wa mutum kuɗi ya ba shi takarda mai nuna adadi da dalili da hukumar da aka miƙa wa. Duk hukumar da ta ba da aiki ta sa sharaɗi cewa ba za ta biya kamfani kaso na gaba ba sai ya nuna shaidar ya sallami mutanensa na ƙasa. Duk wanda aka sabunta wa takarda fiye da shekara guda a kujera ɗaya a duba matsayinsa da ma'aunin Kotun Ƙoli. Hukumar haraji ta jiha kuma ta sauƙaƙa hanyar mayar da kuɗi ga waɗanda samunsu bai kai 800,000 ba, yadda mutum zai nema daga Bagudo ba sai ya je babban birni ba. Jihar da tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ke mulki ta fi kowace cancantar fara wannan.

Kafin nan, abin da nake gaya wa ƙannena kaɗan ne. Kada ka fara aiki sai da takarda mai sa hannu, wadda ta faɗi ranar biya da kuma ko VAT yana cikin farashi ko yana kansa. Ka tabbatar lambar harajinka da jihar da kake zaune suna kan kowace takardar neman kuɗi. Ka nemi shaidar abin da aka cire tun watan farko, lokacin da ake bukatarka. Ka tara rasit, ko na litar mai ɗaya ne. Ka miƙa bayanin samunka kafin 31 ga Maris, ko da ba a bin ka komai, domin wannan takarda ce za ta tsaya maka gobe. Idan kuma za ka faɗi farashi, ka tuna babu mai zuba maka kashi 10 na fansho, babu mai biyanka ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, saboda haka ka zuba su a ciki. In an ce ya yi tsada, ka buɗe musu lissafin su gani.